Ɗinkin Wata da Akori-kurar Malam

A gidanmu na Tudun Wada, da damina, Kaka takan gasa mana masara bayan sallar magariba, a kan murhun da Baba ya ƙera mata da tsohon rim na tayar mota. Mu zauna a gefen garwashi, ƙamshi yana tashi. Can jikin katanga kuwa akori-kurar marigayi Malam, kakanmu, na durƙushe a kan duwatsu. Da ita ya yi shekaru yana ɗauko doya da citta daga kudu. Tsatsa ta cinye ƙofofinta, har nakan leƙa taurari ta cikin ɓulolin.

Baffa Sani, ƙanen Baba, ya matsa a sayar wa 'yan gwangwan, su yanka ta su ɗora a sikeli. Baba ya ce sai ya tashe ta. Aka tsaya a kan cewa in damina ta wuce ba ta tashi ba, za ta tafi.

Baba gwanin walda ne, amma na get da tagogi, ƙarfe mai kauri wanda ke shan wuta ya gode. Bodin mota kuwa falle ne kamar ganye. Sai ya ja wuta a kansa tiryan-tiryan yadda ya saba, fallen ya ɓule, gefensa ya lanƙwashe kamar busasshiyar ganda. Ya yanko wani, ya sake ƙonawa.

"Yaya, siket kake ɗinka mata ko rariya?" in ji Baffa. Baba ya yi kwana biyu bai yi masa magana ba.

Kaka tana ganin komai, amma Baba ɗan farinta ne. Ba ta faɗin sunansa, ba ta doguwar magana da shi, balle ta yi masa gyara. "Mai waldan nan" take ce masa, tana kallon wani wuri. Wata yamma da ya zauna a bayanmu yana goge tabaransa, fuska a murtuke, sai ta juya masara, ta buɗe tatsuniya da irin salonta, ta ce, "Ga ta nan da zafinta."

Muka ce, "A ɓare mana mu ci!"

Wai wata ne ya taɓa tsagewa, duniya ta yi duhu. Aka kira wani maƙeri da ya yi suna a gatari da garma. Ya hau tsani da zugazuginsa, ya sakar wa wata wuta gaba ɗaya. Wata kuwa siririya ce fatarsa, sai ya ɓule.

"Kun ga baƙin tabon nan a fuskarsa? Aikin gwani ne," in ji Kaka.

"Sai me, Kaka?"

"Sai gobe, ƙawata. Bari ta huce."

Na yi rigima har da hawaye, ba ta ƙara ko kalma ba. Washegari ta ɗora kaɗan: maƙeri ya sauko da kunya, ya kwanta a rumfarsa, ya ga zanzaro yana gini. Zanzaron ya kawo ɗigon laka ya manna, ya tashi ya tafi, ba ya dawowa sai wurin ya sha iska. Nan ma ta tsaya. Sai a dare na uku maƙeri ya koma sama, ya ɗiga wuta a nan, ya tsallaka can nesa ya ɗiga, ya jira, ya dawo tsakani, har ɗigo ya haɗu da ɗigo. Shi ya sa har gobe wata ba ya cika dare ɗaya.

"Ƙurunƙus kan totuwa," ta ce, ta jefa totuwar a wuta.

Baba, da ke zaune a bayanmu kamar daren farko, ya tashi ya shige ɗaki. Da safe ƙarar aikinsa ta sauya. Maimakon doguwar ƙara, sai tsit, shiru, tsit, shiru. Yana ɗiga wuta, ya ɗaga hannu, ya taɓa fallen da bayan yatsa kafin ya dawo. Ƙofa ta tsaya sumul. Kafin a fara girbin dawa, akori-kura ta yi tari, ta tashi. Kaka ta shiga gaba da sabon mayafi, Baffa na baya yana riƙe da hula, aka zaga da ita har unguwar Trikania. Da suka dawo ta shafa ƙofar, ta ce da ni, ba da shi ba, "Mai waldan nan dai ba laifi."

Na daɗe ina zaton darasin na ƙarfe ne. Sai da na girma, na taɓa gaya wa wata aminiyata gaskiya duka a zama ɗaya, na ga fuskarta ta lanƙwashe irin ta fallen nan, sannan na gane abin da Kaka ta ɗinke a dare ukun nan. Ba wata ba ne, ba kuma mota ba. Namiji ne mai faɗin kafaɗa, wanda ita kaɗai ta san inda yake da sirantaka. Yanzu in magana mai zafi ta zo bakina, na san yadda zan yi da ita. Nakan ɗiga, in ɗaga hannu, in bari ta huce.