Ranar da Kaka Ta Hau Motar Baba da Ƙafarta

Har yau idan aka yi maganar motar Baba a unguwarmu a Gwarzo, sai ka ji ana cewa gayu ne ya sa muka saka mata matakala mai fitowa da kanta, wai 'yar mai walda ta ga abu a waya ta ce sai an yi mata. To, ba gayu ba ne, kuma na gaji da gyara wa mutane zancen ɗaya bayan ɗaya. Abu ne da ba zan manta ba muddin ina numfashi, don ba domin matakalar nan ba, da wasu tsofaffi biyu, yaya da ƙanwa, sun bar duniya ba su ƙara haɗuwa ba.

Baba mai walda ne, yana yin ƙofofi da tagogi yana kai wa ƙauyuka. Mu duka mata ne a gidan, ni ce babba, kuma da na gama sakandare sai na maƙale a shagonsa, masu surutu suka yi suka gaji. Motarsa fikof ce ta hannu, irin mai ja da tayoyi huɗu, ya kuma ƙara mata tsayi saboda hanyoyin da yake bi. Ni kaina sai na kama ƙofa na yi tsalle nake shiga.

Kaka, mahaifiyar Ummata, tana wani ƙauye a bayan Gude. Ƙanwarta, wadda ita kaɗai ta rage mata cikin 'yan ɗakinsu, tana Unguwar Tudu, ido ya rufe, jiki ya yi nauyi, kullum saƙonta ɗaya ne: a kawo mata Yaya. Ga damina ta yi tsakiya, ruwa ya cinye hanyar ƙauyen, ƙaramar mota ba ta shiga, gwiwoyin Kaka kuma ba za su ɗauki babur ba. Motar Baba kaɗai ce mafita. Ya je ya fi a ƙirga. Zai cire takalmi tun daga zaure, ya durƙusa daga nesa, a yi gaisuwa a tambayi gida da gona da ruwa, sannan ya ce, "Inna, ga mota can." Ita kuma daga bayan labule ta ce, "Allah ya yi albarka. Yau dai jikin babu daɗi." Ya dawo shi kaɗai. Dangi suka yanke hukunci cewa wata tsohuwar gaba ce tsakaninta da ƙanwar. Umma ta shiga ɗaki ta yi ta kuka.

Ni ba na iya jira. Na hau acaba na tafi ni kaɗai, na same ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa da ƙarfinta.

"Tsohuwa, wai me ke damunki? Ƙanwarki tana can tana kiran sunanki, ke kina nan kina ɓare-ɓare."

"Ke da bakinki kamar reza. Ba a koya miki sallama ba a bokon?"

"Na yi, kunnenki ne ya ƙi ɗauka. Faɗa kuka yi?"

"Faɗan me? Yarinyar da na goya a bayana?"

Na zauna na ce ba zan tashi ba sai ta faɗa min, in ya so mu kwana a wurin. Sai da ta leƙa ta tabbatar babu kowa, sannan ta rage murya. Ashe bara waccan, da za a kai ta wani suna a motar Baba, turmi aka kifa mata ta taka. Ta ɗaga ƙafa, turmin ya mirgina, zaninta ya kwance, ta yi baya za ta faɗi, Baba da ke tsaye ya kai hannu ya tare ta.

"Mijin 'yata ya riƙe ni, a gaban mutane. Ni na sake tsayawa a gaban motar nan?"

"To mu mata mu ɗaga ki mana."

"Ni buhun masara ce? Ranar da za a ɗauke ni tana zuwa, ba sai kin gaggauta ba. Da ƙafata zan shiga, ko kuma na haƙura."

A lokacin haushi na ji. Yanzu da na ƙara shekaru na gane cewa ita ba za ta iya faɗa masa ba, shi kuma ba zai iya tambayarta ba. Mutum biyun da maganar ke hannunsu su ne waɗanda kunya ta hana su haɗa ido.

Da na faɗa wa Baba, ya ajiye gilashin waldarsa. Ya ce, "Me ya sa ba a gaya min ba?"

Na ce, "Wa zai gaya maka, Baba? Kai da ko ruwa ba ka sha a gabanta."

A ranar ya walda matakala a gefen mota, ƙasa sosai yadda tsohuwa za ta taka. Muka fita gwada ta a hanyar Gude. Kwazazzabon farko da muka shiga, dutse ya fizge ta, ya bar mana gefen mota a lanƙwashe. Matsalar ta fito fili: abin da ya yi wa ƙafar Kaka daidai ya yi wa hanya ƙasa.

Nan na tuna na taɓa ganin wata iri a waya, mai ɗan inji, wadda idan an buɗe ƙofa ta sauko, idan an rufe ta naɗe ta ɓuya. Baba ya ce wannan kayan manyan Alhazai ne. Na ce manyan Alhazai ma motocinsu suna yin hatsari, ya je wajen 'yan gwangwan a Kano ya duba. Ya harare ni, amma ya je. Ya dawo da guda ɗaya tal, ta ɓangaren fasinja, duk ta yi tsatsa, amma injinta da rai.

Maƙwabcin shagonmu mutumin Filato ne, mai gyaran wayarin mota, Oga muke ce masa. Shi ya haɗa ta da makunnin ƙofa. Da ya gama ya ce min, "'Yata, injin nan bai fi na goge gilashi ba. Dutse ɗaya ya sumbace shi, kin rasa shi." Wato sai an yi masa garkuwa. Baba ya zaɓo bututun ƙarfe mai kauri, tsawon gefen mota. Ni so nake a manna shi a jikin mota mu wuce, don labarin da ke zuwa daga Unguwar Tudu babu daɗi, an ce ta daina cin tuwo. Baba ya ce jikin mota gwangwani ne, a shasi za a ɗaure, wato ƙashin bayan mota, da ƙafafu da manyan kusoshi, ko da zai ci mana kwanaki. Na huda ƙarfe har hannuna ya yi kanta. Ni kuma na kawo shawarar a shimfiɗa faffaɗan ƙarfe mai ƙurji a saman bututun, ya zama taki na biyu. Oga yana leƙowa yana ihu, "Ku cire batir kafin ku kunna wuta, kar ku ƙona min aiki!"

Da muka gama, Baba ya sa jak a ƙarƙashin bututun ya ɗaga. Gefen mota ya tashi sama, tayoyi biyu suna lilo, bututun ko gezau. Sai ya ce na je na gaya wa Umma ta shirya.

Washegari da hantsi muka kama hanya, an kwana ana ruwa. A kwazazzabon nan dai motar ta zame ta kwanta a kan dutsen. Ƙarar da na ji har cikin haƙorana, ƙuuu, ƙarfe yana gurzar dutse. Umma ta yi salati. Baba ya ba ta wuta a hankali, ta ja jiki a kan bututun ta haye. Muna isa ƙofar gidan Kaka na diro na buɗe ƙofar fasinja. Matakalar ta taho rabi ta tsaya. Na tsuguna na duba, ashe laka ce ta cika mahaɗarta. Na karɓi buta na wanke, na rufe ƙofa, na sake buɗewa. Ta sauko sumul.

Baba ya gyara hula ya ce bari ya je ya gaida liman. Ya tafi ko waiwaye bai yi ba.

Na shiga na ce, "Tsohuwa, taso. Babu turmi, babu mai taɓa ki, surukinki kuma ya gudu masallaci."

Ta fito tana dogara sanda, ta tsaya a gaban mota tana kallonta kamar abokiyar gaba. Na buɗe ƙofa. Da matakalar ta zuro kai tana ɗan kuka, Kaka ta ja da baya.

"A'uzu billahi! Wa kuka kwantar a ƙarƙashi?"

"Babu kowa, inji ne."

"Ƙarya kike. In ɗan mutane ne a cikin laka saboda ni, wallahi ba zan taka ba."

Sai da ta sunkuya ta zura sandarta ta zunguri ƙarƙashin motar ta ko'ina. Umma ta toshe baki da mayafi, tana danne dariya. Da Kaka ta gamsu, ta gyara ɗaurin zani, ta yi bisimilla. Ƙafar dama a kan matakala. Ƙafar hagu a kan bututu. Ta kama hannun ƙofa, sai ga ta a kujerar gaba, ta miƙe wuya tana kallon hanya. Ta ce, "To me ake jira? A kira shi mana."

A Unguwar Tudu mun tarar gidan cike da mata 'yan dubiya, wasu har waje. A gabansu duka ta sauko, taki biyu, ba wanda ya miƙa mata hannu. Ta shiga tana sallama, muka ji wata siririyar murya daga ɗaki ta ce, "Yaya ce? Wallahi Yaya ce!" Ban bi su ciki ba. Na jingina da mota, ni da ba na kuka, na yi ta share fuska da gefen hijabi. Kaka ta zauna wajenta har ƙarshen damina, kuma a hannunta ƙanwar ta cika.

Abin da na koya shi ne, idan tsoho ya ce jikin babu daɗi, a zauna a tambaye shi sosai. Wani lokacin abin da ya tare shi bai fi tsawon taki ɗaya ba, kuma ba zai taɓa faɗa wa wanda yake jin nauyinsa ba.

Ina tsaye a wajen, wata tsohuwa cikin 'yan dubiyar ta zo ta buɗe ƙofar ta rufe, ta sake buɗewa, tana kallon matakalar tana shiga tana fita. Ta ce, "'Yar nan, ke kika yi wannan? To motocin kasuwa da muke hawa fa? Kwandasta ne ke tura mu ta baya kamar awaki."

Masu motocin kasuwa ba za su sayi inji ba, wannan na sani. A hanyar komawa na ce wa Baba ya ba ni kusurwa ɗaya a shago da ragowar bututun nan. Zan ƙera wadda ake saukewa da hannu, mai ƙugiya da sarƙa, in kai ta tashar Kabo ranar kasuwa, in tsaya a kan direbobin nan har sai ɗaya ya yarda na ɗaura masa.