Wuyan Rigar Mahaifina a Shagon Ba Modu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ina zaune a ƙofar gidana a Mafoni da hantsi, ina jiran shayi ya huce, sai Malam Kyari, ladanin masallacinmu, ya tsaya a kaina bai yi sallama ba. Mutum ne da bai taɓa manta sallama ba, don haka tun bai buɗe baki ba na san ba lafiya ba. Ya ce, "Ba Aisami, sai haƙuri. Allah ya yi wa Ba Modu tela rasuwa." Na ce wane Modu, alhali tela ɗaya ne mai wannan suna a unguwar nan. Na yi salati, na yi masa addu'a. Ina shafawa sai na tuna wuyan rigar mahaifina yana shagonsa.

Ni ban shiga aji ba. Faɗa nake ana rubutawa, kuma na ce kada a gyara mini magana.

Tare muka tashi da Modu. Ni na shiga sayar da busasshen kifi, shi ya hau keken ɗinki na ƙafa, kuma a kansa ya tsufa. Bai taɓa zama telan masu kuɗi ba. Telan mutanen da ke son fita kunya da abin da ke hannunsu ne. Idan ka je masa da zancen sabon ɗinki, ba ya tambayar aljihunka, sai ya ce, "Me kake da shi a ƙasan akwati?" Ka kawo tsohuwar riga da jikinta ya mutu, ya cire wuyan da aikin hannu, ya aike ka ka sayo yadi mai sauƙi, ya ɗora. Ranar Juma'a ka fito, mutane su yi ta kallo suna tambaya a ina aka yi wannan aiki.

Yakan ce, "Kada ka sa tsoho tun daga sama har ƙasa, za a ce wahala ce. Kada kuma ka sa sabo duka, ka zama kamar kowa. Ɗaya tsoho, ɗaya sabo." Shi da kansa haka yake fita: kwat ɗin gwanjo mai kauri a kan sabon kaftani, da hular zanna wadda ta girmi 'ya'yansa, a wanke a goge. Yana da gwangwani cike da maɓallan tsofaffin kwat, yana ɗora su a kan rigunan samari. Samarin nan da ba su iya gaisuwa ba, masu sayen wando da hujinsa tun daga kasuwa, su ma sun gane hanyar shagonsa, suna kai masa hulunan kakanninsu. Ni dai ban ga abin da ya sa yake sakar musu fuska ba, kuma na faɗa masa.

Shekarar da ruwa ya ci garin nan ne na san ko wane ne Modu. Wanda bai ga ruwan ba, kada ya ce ya san tsoro. Har yau in hadari ya haɗu ta gabas, ba na iya gama cin abinci. Da muka dawo gidajenmu, akwatuna cike suke da taɓo, tufafi sun yi baƙi suna wari. Mutane na kwasa suna zubarwa. Modu ya riƙa bin layi-layi da almakashi a aljihu yana cewa, "Kada ku zubar sai na gani." Ya ceci wuyan riguna da bakin zannuwan mata da yawa, ya wanke, ya shanya a igiyar shagonsa. Sallar da ta biyo baya, rabin tsofaffin Mafoni da ɗinkinsa suka je idi, kuma ba wanda ya gane mun yi asara sai mu.

A cikin akwatina akwai kulwu, babbar rigar mahaifina, saƙi ce mai aikin tsamiya. Ita kaɗai ta rage mini daga gare shi. Ba hoto, ba gona, ba komai. Na kai wa Modu na ce ya wanke mini ita kawai. Da na koma sai na tarar ya yanke wuyan da aljihun, sauran jikin yana gefe a tsumma.

Na ce, "Modu, wa ya sa ka?"

Ya ce, "Aisami, jikin ya ruɓe. Da na bari, da ya ci har aikin."

Na ce, "Rigar ubanka ce?"

Ya ce, "Da ta ubana ce, da tuni na yanke, ban tsaya jin bakin tsoho mai warin kifi ba."

Na daina yi masa magana har damina ta zagayo. Kuma har gobe ina nan a kan bakana: ya kamata ya tambaye ni. Mutuwa ba ta mayar da rashin tambaya ya zama daidai ba. Shi kuwa ko a jikinsa. Kullum ya gan ni a masallaci sai ya gaishe ni da yarenmu ya ce, "Wushe, mai fushi. Aikin babanka yana gaishe ka." Daga baya na sayo farar shadda mai sauƙi na ajiye masa a kan keke ban ce uffan ba. Ya ce a ba shi lokaci, zaren ya tsufa, ba a ja masa, sai lallaɓawa da allurar hannu. Ina jira ke nan ladan ya zo.

Bayan addu'ar uku na ji abin da nake tsoro. Ɗansa Bakura, wanda ke zaune a Galtimari, ya buɗe shagon yana ɗura ƙyallaye a buhuna zai ba masu cusa katifa, don yana son wurin ya sa cajin waya. Na tafi da sandata. Duk buhun da na kalla sai in ga kamar mahaifina ne a ciki, za a kai shi wani ya kwanta a kansa.

Na ce, "Bakura, sauke buhunan nan."

Ya ce, "Baba, tsummokara ne fa."

Na ce, "Da tsummokaran aka ciyar da kai har ka yi wannan wuyan. Sauke!"

Na zauna a ƙasa ina zazzagewa ɗaya bayan ɗaya. Babu. Na gama na ƙarshe ina nan zaune. Sai ga Falmata, babbar 'yar marigayi, ta fito daga cikin gidan da shagon ke jikinsa, da ƙunshi a hannu. Ta durƙusa ta ce, "Ba Aisami, ko wannan kake nema? Baba ba ya barin sa a shago. Tun bayan ruwan nan a saman sif yake ajiye shi."

Na buɗe. Ya ɗora wuyan a kan shaddar, ya ɗinke ɓarin dama tsaf, ba ka gane inda tsoho ya ƙare sabo ya fara. Ɓarin hagu kuwa kamu kawai ya yi masa da farin zare.

To, na samu, amma tsoron bai tafi ba. Telolin yanzu injin suka sani, in suka ɗora wannan aiki a kai, zai zube kamar toka. Falmata ta ce ita ce ke zura wa babanta zare tun da idonsa ya raunana, ta san hannunsa. Na ce ni mace ba ta taɓa yi mini ɗinki ba. Ta ce, "To ka sa shi haka, Baba, rabi a ɗinke." Bakin ubanta sak. Na ɗauki ƙunshin na kai har bakin titi, na tsaya ina tunanin wa zan kai wa a duk garin nan. Ban samu kowa ba. Na dawo na miƙa mata, na ce in zare ɗaya ya tsinke kada ta gaya mini.

Yanzu kullum da hantsi ina zaune a zauren gidan, ina jin tana aiki a ciki, ba na leƙawa. Sa'o'ina sun ƙare a layin nan, Modu ne na ƙarshe. In na ji tari ya kama ni sai in ce ko zan riga allurar gamawa.

Allah ya jiƙan Ba Modu. Yadda ya rufa wa talakawan unguwar nan asiri, Allah ya rufa masa nasa, ya haskaka kabarinsa, ya yafe masa kurakuransa, har da na almakashin nan, ni na yafe. Allah ya ba iyalinsa haƙuri, ya shiryi Bakura, ya daidaita hannun Falmata. Ni kuma Allah ya ara mini kwana in sa rigar nan ko Juma'a ɗaya ce, in bi ta ƙofar shagonsa, sannan ya sa in cika da imani. Amin.