Fatar da Ta Saurari Zuciyar Kaka

Sakkwato

Warin fetur da ƙamshin ƙosai suka tarbe ni a tasha bayan asuba. Ina ɗalibar aikin jinya a lokacin, rungume da na'urar auna bugun zuciya mai batir, wadda likitanmu ya ara mini zuwa magariba. Kakata a Shagari tana fama da faɗuwar gaba, ta kuma rantse ba za ta taka asibiti ba. Likita ya ce in kawo masa zanen bugun zuciyarta, zai san maganin da zai ba ta. Murna ta hana ni karin kumallo.

A shingen 'yan sanda wani ya leƙo ta tagar bas.

"'Yammata, rediyo ce?"

"Ta zuciya ce, ranka ya daɗe."

"Rufe ta, kar ta tona tawa!"

Boɗinga

Nan na sauka, don robobin ɗaure wayoyin a hannu da ƙafa duk sun bushe sun tsage. Zamanin tsuke bakin aljihu ne, ba a shigo da sababbi, man shafawar na'urar ma ya ƙare. Wani baduku a bakin kasuwa ya yanko mini fatar jar akuya siri-siri. Na ɗora ta a wuyan hannuna, taushinta kamar kuncin jariri. Har muka wuce gonakin albasa a bayan akori-kura ina shafa ta, ina mafarkin ranar da na'ura za ta yi laushi kamar jikin mutum.

Shagari

Kaka ta yi kwalliya, sai sheƙi take.

"Mi kika ɗauko, ƙawata? Akwatin aurenki?"

Na jiƙa auduga da ruwan gishiri a madadin man na'urar, na ɗora ƙarafunan bakin wayoyin a kai, na ɗaure da fatar. Allurar na'urar ta ja layi miƙaƙƙe a takarda. 

"Kaka, zuciyarki ba ta motsi!"

"To da wa kike magana, ja'ira?"

Ashe da ta ji za a auna ta, man shanu ta shafe jikinta da shi, wai kar na'urar Turawa ta same ta da kaushi. Maiƙon ne ya hana na'urar ji, muka wanke da sabulu tana mita. Sai allura ta fara rawa, tudu, kwari, tudu, da ɗan tuntuɓe can tsakani. Na yi guɗa!

Na iso Sakkwato ana kiran magariba, na gode wa Allah da likita. Ya ga tuntuɓen, ya ba da ƙwayoyi, Kaka ta samu sauƙi.

Yanzu, in ji 'yata, ana ƙera wani abu mai laushi da ake mannawa a jiki yana jin bugun zuciya. Da na ba gwaggona, wadda ta zauna da Kaka, labari sai ta yi dariya. Wai Kaka ba ta taɓa yarda ƙwayoyin ne suka yi aiki ba. Guntun fatar nan ta ɓoye, kuma yana ɗaure a hannunta har ranar da aka yi mata wanka.