Salatif na Huɗu

Baba Kumfa ake ce masa a ƙaramin filin jirgin, don shekara goma sha tara ke nan ba a taɓa ganin hannunsa a bushe ba. Da wankin mota ya fara a bakin titi tun yana saurayi. Wani matuƙin jirgi da yake kawo masa mota ya ga yadda yake bin lungun madubi da tsinke, ya ce irin wannan naci ai asara ne a kan mota, ya jawo shi filin. Tun daga ranar yake wanke jirage uku na kamfanin, ƙanana masu kujera shida, kuma bai taɓa hawa ko ɗaya ba. In aka yi masa tayi sai ya ce shi da sama sai kallo. Da bokitin nan da soso ya yi aure, ya aurar da 'ya'ya biyu, ya rage daga shi sai matarsa a ɗaki biyu, tafiyar minti goma daga filin.

Mutum ne mai tsantseni har ya ba ka haushi. A jikin kowane jirgi akwai 'yan huji huɗu, kowanne bai fi kan ashana ba. Ta nan iska ke shiga ta gaya wa agogunan da ke gaban matuƙi nisansa da ƙasa da kuma gudun da yake yi. Ba a son ruwa ya shiga, don haka kafin wanki ake liƙe su da jan salatif, in an gama a ɓare. In aka manta ɗaya, agogo zai yi wa matuƙi ƙarya. Shi Baba Kumfa duk wanda ya ɓare sai ya manna shi a hannun rigar aikinsa na hagu, ya ƙirga huɗu da ƙarfi, sannan ya sauke tsani. Abokan aiki su yi ta sara masa suna cewa kyaftin ya iso da igiyarsa huɗu.

Wata ranar Talata da safe, yana cikin goge farin jirgin kamfanin aka tsuge da ruwa. Injiniya ya dinga ƙwala masa kira ya zo a tura wani jirgin cikin rumfa. Ya ɓare salatif a gurguje, ya ruga. Da aka gama ya jiƙe sharkaf, sai ya je gida ya tuɓe rigar, ya sa wata. Kafin ya dawo, farin jirgin ya tashi cikin hadari da Dogo matuƙi da fasinja huɗu. Minti goma sha biyu ya yi a sama, ya faɗa wata gona a hayin rafi, ya kama da wuta. Ba wanda ya fita.

Da la'asar, a kan bencin bakin ƙofar filin, kowa ya zama injiniya. Mai zuba mai ya rantse tsuntsu ne ya shiga inji. Mai korar tsuntsaye ya ce tsawa ce, shi da idonsa ya ga walƙiya a wajen. Mai awon kaya ya ce Dogo ya kwana biyu yana kukan ciwon ƙirji. Ba ka ji wanda ya kawo dalilin da ya kusanci nasa aikin ba, kuma ban ga laifinsu ba, tsoro ne. Baba Kumfa yana gefe yana share hawaye, don Dogo bai taɓa wuce shi bai gaishe shi ba. Sai mai rediyo, wanda ya yi magana ta ƙarshe da jirgin, ya ce a hankali, "Ni dai abin da na ji ya ce shi ne agogunansa sun rikice, ba sa nuna daidai."

Baba Kumfa ya miƙe zumbur. Ya nemi muryarsa tana ƙirga huɗu da safiyar nan, ya rasa. Ya tuna ruwan, ya tuna kiran injiniya, amma bai tuna ƙirgan ba. Ya ruga gida, ko takalminsa ɗaya da ya fice a hanya bai tsaya ɗauka ba.

"Ina rigata?"

Matarsa ta nuna igiyar shanya. "Na wanke maka, Malam. Lafiya?"

Salatif biyu suna nan liƙe a hannun rigar. Na uku ya same shi a gindin bahon wanki. Na huɗu babu. Ya juya aljihu, ya zazzage sauran wankin ɗaya bayan ɗaya, ya bi inda ta zubar da ruwa har kwatar bayan gida, ya sa hannu cikin ƙazanta yana lalube. Ya koma filin ya bi hanyar da ya ruga da safe, taku-taku, yana ɗaga ciyawa. Ko ruwa ya tafi da shi, ko kuma bai taɓa barin jikin jirgin ba.

Kwana uku bai ci abin kirki ba. Ya je gaisuwa gidan Dogo, ya kai bakin ƙofa ya ji kukan yaran, ƙafarsa ta ƙi shiga. Da ya koma gida, matarsa ta yi lallashi har ta gaji.

"Shi marigayin ba ya zagaya jirgi ya duba kafin ya tashi?"

"Yana dubawa. Amma cikin ruwan nan? Ya san ni ne na wanke. In ni ne, ba ya tsananta dubawa."

"To don Allah ka yi shiru da bakinka. Wa ya tambaye ka?"

Bai yi shiru ba. A rana ta huɗu ya sami shugaban masu binciken hatsarin a ofishin da aka ba su, ya ajiye salatif uku a kan tebur, ya faɗi komai. Mutumin ya rubuta, ya cire tabarau ya murza ido.

"Baba, wannan gefen na jirgin ya ƙone ƙurmus. Agogo kan rikice saboda dalilai da yawa. Za mu duba, amma rahoto sai ya kai shekara, kuma wataƙila ba za mu taɓa tabbatarwa ba."

"Yallaɓai, in ɗauri ne ku ɗaure ni, wallahi ba zan yi gardama ba. Ku dai gaya mini ni ne ko ba ni ba ne."

"Ban sani ba, Baba."

Kamfani ya ce ya zauna a gida tukuna. Ya zauna ɗin, in zama ake kiran wannan. Ya rame, idanunsa suka faɗa, kullum yana bakin kwata da guntun ƙarfe, har maƙwabta suka fara jan 'ya'yansu in za su wuce.

Da safiyar rana ta tara matarsa ta zo da gudu, zaninta a jiƙe, hannunta a dunƙule.

"Malam! Malam, ga shi! A bakin rariya ya maƙale, ƙarƙashin dutse!"

Ta buɗe tafin hannunta. Jan salatif ne, a cukurkuɗe, duk laka. Ya karɓa, ya warware shi a kan gwiwarsa, ya share lakar da babban yatsa. Bakinsa biyu a miƙe suke sambal, yankan almakashi. Shi kuwa tun da ya fara aikin nan da haƙori yake yankan salatif.

Ya ɗaga kai ya dube ta. Sai a lokacin ya ga ita ma ta zabge, wuyanta ya fito, tana jiran abin da zai ce. Tausayinta ya kama shi har ya ji kamar ƙirjinsa zai tsage.

"Shi ne," ya ce. "Allah Ya yi miki albarka. Shi ne."

Ta fashe da kuka tana hamdala, ta ce yau kam sai ya ci abinci ko ya ƙi ko ya so, ta shige kicin. Ya zauna har ya ji ta ɗora tukunya. Sannan ya ɗauki guntun ƙarfensa a hankali don kada ya yi ƙara, ya zagaya bayan gida, ya durƙusa a bakin kwatar ya ci gaba da tono.