Inci huɗu a jikin wuƙa

Har yau in na riƙe tef ɗin awon ɗinki sai na juya shi na duba gefe biyun.

A kwanakin rikicin tsadar abinci ne, tasi ba sa fita, hayaƙin taya ya rufe unguwarmu Briqueterie. Yayana ya je kulle shagon ɗinkin Baba, ya faɗa tsakiyar masu fasa shaguna. Wani ya fizgi wuƙa a teburin mahauta ya luma masa a kwiɓi. Maƙwabta suka shigo da shi zaure, har da wuƙar, don da kansa ya zare ta kafin ya faɗi.

Na kira Goggo, ƙanwar Baba, ma'aikaciyar jinya ce a unguwar Ekoudou. Ta ce a danne wurin da zane, a auna mata iya inda jini ya kai a jikin wuƙar. Baba ya ciro tef daga wuyansa ya ɗora.

"Huɗu," ya ce. Na faɗa mata.

"Santimita huɗu a mai jiki irinsa da sauƙi," in ji Goggo. "Kar ku fito, ana harbi."

Sai da na ajiye wayar idona ya sauka kan tef ɗin. Gefen inci Baba ya ɗora, awon da kakanmu ya zo da shi daga Kano, wanda duk telolin layinmu ke yanka da shi. Inci ɗaya santimita biyu da rabi ne, mun yi a makaranta. Na juya tef ɗin. Goma, har da ɗoriya.

"Baba, a awonta goma ne."

"Ke, ni za ki koya wa awo?"

"Naka daidai ne. Ita da santimita take ji."

Na sake kira. Goggo ta ce, "Ta ciki jinin ke zuba. Ku kawo shi yanzu."

A amalanken mai gawayi muka tura shi. A mararraba wasu samari suka tare mu da gorori. Ɗaya ya maka wa Baba a baki, na ga haƙoransa a kan kwalta. Na yaye zanen ina ta faɗin santimita goma da Faransanci, yaren garin, ban san wa nake gaya wa ba. Babbansu ya leƙa, ya sa ƙafa ya ture taya mai cin wuta, muka wuce.

An cire wa Yaya saifa, ya rayu. Baba yana nan yana yanka da inci, yana magana hannu a baki.