Jinin Mai Balan-balan

Shekara ashirin da biyu Baban Auta ya yi yana tsayawa a ƙofar wata makarantar firamare da sandar balan-balan a kafaɗa. Da baki yake hurawa, bai taɓa sayen famfo ba, yana cewa ƙirjinsa ya fi na kanti. Ranar da kasuwa ta yi kyau yakan hura saba'in kafin a tashi yara.

Da tarin tibi ya kama shi, abin da ya fara faɗo masa shi ne yawan numfashinsa da ya ƙulle da zare ya miƙa wa 'ya'yan mutane. Nas ɗin asibiti ta ce ya kwantar da hankali, amma a gwada 'yan gidansa. Aka gwada, kowa lafiya. Duk da haka ya sa aka kai Auta, 'yarsa mai shekara huɗu, gidan innarta, ya ce ba za ta dawo ba sai ya warke.

Wata shida yana shan ƙwayoyi, bai tsallake ko rana guda ba. Tari ya tsaya, ya ƙara kilo bakwai. Ana saura kwanaki a ɗauko yarinyar, ƙanin matarsa, wanda ke tuƙa motar wani ɗakin gwaje-gwaje, ya zo da tsokanarsa: wai yaya ya yi ƙiba kamar hajarsa, amma ƙiba ba shaida ba ce, a zo a duba jini a tabbatar. Ya bi shi, aka ɗebi jini. Sakamako ya ce jinin yana nuna tibi.

Daga nan abinci ya daina wuce masa. Ya fitar da tabarmarsa baranda, ya ware kofinsa, ya hana matarsa matsowa. Ko gyaran murya ya yi sai ya duba tafin hannunsa ko zai ga jini. Ita kuwa ta ce ta gaji da jin muryar 'yarta a waya, ta tasa shi gaba har asibiti.

Nas ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce, "Baba, wa ya aike ka? Wannan gwajin ba ƙwayar cutar yake gani ba. Sojojin jininka yake tambaya ko sun san ta. Sun yi wata shida suna faɗa da ita, ta yaya za su ce ba su san ta ba? Wasu har tsufansu haka yake nunawa." Ta ba shi 'yar roba, ta ce kaki da hoton ƙirji su za su faɗi gaskiya.

A bayan asibitin ya tsuguna yana ƙoƙarin tari, mutumin da a da tari ba ya barinsa magana. Da kyar ya samu ɗan abin da ya rufe gindin robar. Kwana biyun jiran nan, ko wayar maƙwabci ta yi ƙara sai ya miƙe zumbur, yana zaton daga asibiti ne.

Sakamakon kaki ya fito babu komai, hoto ma haka. Aka kawo Auta da jakar kayanta. Ya ɗauke ta, amma ya kau da fuska gefe yana riƙe numfashi.

"Baba, fushi kake yi da ni?"

Ya ce a'a. Ta sa hannu biyu ta kamo haɓarsa ta juyo da shi, ta ci gaba da ba shi labarin kyanwar gidan innarta, hancinta dab da nasa. Ya riƙe iya ƙarfinsa, sannan ya saki numfashin a hankali.