Direba Ya Ɗaga Hannu

Shagon Mai Faifai bai fi ɗakin girki girma ba, maƙale tsakanin tela da mai gyaran agogo, amma shekara talatin ya yi a ciki. Da hayar kaset ya fara, yana naɗe zare da biro in na'urar wani ta tauna. Faifai ya shigo, ya koma faifai, sunan ya bi shi. Da aka daina yayin faifai sai ya sayi tsohuwar kwamfuta, yana sauko da finafinai daga intanet yana tura wa mutane a waya. Sata ce? Sata ce mana, shi kansa bai taɓa musu ba. Sai dai ɓarawon nan ya san mutanensa.

Ba mai zuwa masa da sunan fim. Wa ke riƙe suna? "Baba, wanda matar ta ƙona wasiƙa." "Malam, na mugun nan mai haƙorin gwal." Haka shi ma yake adana su a kwamfuta, da sunan da mutane suka raɗa musu. Minti uku ya tura maka, ka tafi da abinka, naka ne har wayar ta mutu. In ƙarshen fim mai tayar da hankali ne, masu hawan jini tun a bakin ƙofa yake gaya musu.

Sai aka kawo kallon fim na biya duk wata. Wai ci gaba ke nan! Ka yi rajista, ka ƙirƙiro kalmar sirri, ka manta ta, a aiko maka da lamba, lambar ta mutu kafin ka lalubo tabarau. Ka samu ka shiga, fim ya tsaya cak, ɗan zobe na ta juyi a kan hancin jarumi. Wanda kake so kuma yana wani kamfanin, can ma sai ka biya. Duk da haka jama'a suka bi, don abin yayi ne. Bencin ƙofar shago ya koma wurin barcin kyanwar tela.

Ran nan da hantsi yana zuba wayoyin wuta a kwali, don ya yanke shawarar ƙarshen mako zai rufe shagon, sai ga matar wani direba da 'yarta ma'aikaciyar banki. Mijin ya shekara shida da rasuwa. A zamaninsa masu shirya fim sun taɓa ɗaukar hayar bas ɗinsa, ya fito na ɗan lokaci kaɗan a ciki. Duk duniya ba wani hotonsa mai motsi sai wannan.

"Hajiya, kwana biyu. Na ce ko kin bi 'yan zamani."

"Ba ni na bi ba, ja na aka yi," ta harari 'yar. "Gaya masa da bakinki."

'Yar ta sunkuyar da kai. "Baba, ni na goge mata katin waya. Ya cika, kuma na ga fim ɗin yana cikin manhajar da nake biya mata. Jiya muka duba, sun cire shi."

"Sun cire? Ba biya kuke ba?"

"Wai yarjejeniyarsu ta ƙare."

"Da ubanki suka yi yarjejeniyar?" in ji uwar.

Mai Faifai ya zaro wayar wuta daga kwali ya jona kwamfutar, ta tashi tana gurnani kamar injin niƙa. 'Yar ta karanto masa sunan fim ɗin daga wayarta, baƙi bayan baƙi. Ya rubuta. Babu. Ya jona ma'ajin finafinansa na biyu, babu. Na uku ma haka. Zufa ta keto masa. Shi da yake cika baki bai taɓa goge abin kowa ba!

Hajiya ta zauna a bencin nan ba ta ko kori kyanwar ba. "Shi ke nan," ta ce a hankali. "Na fara manta yadda yake dariya, shi ya sa."

Nan Mai Faifai ya tsaya da hannu a sama. Shi da wannan suna na turanci, ina suka taɓa haɗuwa? Yaushe ya fara adana fim da sunan da masu shi suka sa masa?

"'Yata, mayar da wayarki jaka. Hajiya, me ya yi a ciki?"

"Me kuwa? Leƙowa ya yi ta taga, ya ɗaga hannu."

Ya goge abin da ya rubuta, ya danna da yatsa ɗaya: direba ya ɗaga hannu. Sai ga shi, yana nan inda ya ajiye shi shekara tara da suka wuce. Hoton dishi-dishi, ga tambarin wani gidan talabijin a kusurwa. Ya ja shi zuwa minti na arba'in. Bas ta shawo kwana, mutumin ya leƙo, ya ɗaga hannu, haƙora duk a waje. Daƙiƙa bakwai.

'Yar ta toshe baki da gyale. Mai Faifai ya laluba aljihun tebur ya fito da kati uku da zai tura mata fim ɗin a ciki: ɗaya na waya, ɗaya na ƙasan akwati, ɗaya kuma a ɓoye wa ma'aikaciyar banki.

Hajiya ba ta ma ji shi ba. Ta matso har numfashinta na taɓa gilashin.

"Dubi hular nan a karkace. Sai da na gaya masa da safen. Malam, mayar baya."

Ya mayar.